Kwandansan Da Aka Jefar

Ran kasuwar Tsafe na shiga motar haya daga Gusau. Direba na taka totur, rediyonsa ta ɗauki wani siririn kuka, tsiii, yana hawa yana sauka tare da injin. Nan take raina ya ɓaci. Na san kukan nan tun ina yaro a Nahuce.

Kawuna yana da tsohuwar akori-kura da yake kai gyaɗa Gusau. Rediyonta ce kaɗai a unguwarmu. Batirin ya mutu, sai an tura motar take tashi, kuma in an kashe injin rediyo ta yi shiru. Duk da haka muryarta garau take, domin akwai wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa a jikin dinamon da ke ba motar wuta, ana ce masa kwandansa, mai shanye hayaniyar wuta kafin ta kai rediyo.

Da kaka ta yi, mai gyaran wayarin a tashar Gusau ya kwance dinamon. Da zai mayar, ya cilla kwandansan cikin kwata. Ya ce wa kawu, "Kwalliyar Turawa ce, Malam. Mota na tafiya ba shi."

A shekarar mahaifina yana Makka. Aka aiko cewa bayan la'asar za a sa gaisuwar alhazai a rediyo, har da tasa. Muka tura mota ta tashi. Kakata, mahaifiyarsa, wadda idonta ya tafi, ta sa aka riƙo hannunta zuwa gindin motar. Aka shimfiɗa mata tabarma, hayaƙin salansa na dukan fuskarta, ba ta matsa ba. Muka tura mota ta tashi.

Muka ji an ambaci Bunguɗu, gundumarmu. Muryar mahaifina ta ɗan leƙo, sai kukan nan ya hau kanta. Kawu ya rage totur, injin ya nemi mutuwa. Ya ƙara, kukan ya ƙaru.

"Mi yac ce?" in ji kakata. "Ya ambace ni?"

Kawu ya ce, "Ya ambace ki, Inna."

"Kai ma ba ka jiya ba," ta ce.

Ta rasu kafin alhazai su dawo.

Na zauna Kumasi, na zauna Khartoum da Jidda. Na ga masu gyara suna jera duk abin da suka kwance a kan tsumma, su mayar ɗaya bayan ɗaya, su kankare tsatsa kafin su ɗaure wayar da ke kama jikin mota. Mu kuwa, abin da ba mu gane aikinsa ba, sai mu ce ba shi da aiki. Wannan ba talauci ba ne, raini ne.

Yanzu motoci sun cika da na'urori masu son tsabtatacciyar wuta, amma hannun bai canza ba. Na ce wa direban nan ya zare cajar waya mai arha da ya jona a motar, ya sa a duba masa kwandansa.

Ya yi dariya. "Baba, ai mota na tafiya."

Ya ƙara murya. Kukan ma ya ƙaru, har Tsafe.