Da Waya a Baki Zuwa Bawku

Ana idar da sallar asuba muka bar Salaga a bayan wata tsohuwar lori, mu da huhunan goronmu. Zamanin yaƙin Turawa ne, mai ya yi wuya, kuɗin mota zuwa Yendi har ya kai sule huɗu. Ni kuwa na hau da kayan da ba wanda ya auna, wato waya a baki. Wani bijimi ne ya doke ni da ƙaho a kara, kasuwar shanu, haƙoran gabana na sama suka kama rawa. Likita ya ɗaure su da siririyar waya, ya ce in ta fita kafin watan gobe ya kama, haƙoran za su bi ta.

Ni dillalin shanu ne, bakina ne jarina. Abokan tafiya suka ce yau dai an sa wa mai shanu takunkumi. Na so in rama, lori ta faɗa rami, haɓata ta bugi katako. Nan take bakin wayar ya warware ya soki kuncina ta ciki.

Daga nan magana ta ƙare. A Yendi wani malami ya sauke mu, aka kawo sakwara da miya mai nama a akushi guda, kowa ya zura hannu. Ni na koma gindin bango da ƙoƙon koko, ina kurɓa ta gefe ɗaya. Yunwa ba ta dame ni kamar dariyarsu ba, ana hira ba a ko waiwayo ni. Abu guda na gode wa Dagomba, mutanen ƙasar: duk tsawon gaisuwarsu, amsarta "naa" ce kawai, ita kuwa ba ta motsa kunci.

Wanzamin unguwar ya leƙa bakina ya ce asiri ne irin na 'yan tauri, shi ba ya taɓawa. Maƙeri kuma ya ɗauko awartaki zai fizge ta gaba ɗaya. Wallahi saura kaɗan in yarda, don kuncin ya kumbura, yawuna duk jini. Na tuna maganar likita, na rufe baki na tashi.

Daga Yendi a ƙasa muka bi ta Karaga da jakuna. Dawa ta nuna a gonaki, zabbi sun yi arha, da taro, kwabo uku kacal, sai a ba ka dami na albasa. Ina can bayan ayari ni kaɗai, jakin ƙarshe ne abokin tafiyata.

A kasuwar Bawku abokaina suka shiga ciniki, ni da ake kira in ciniki ya cije ina zaune a inuwa kamar baƙo. Wata tsohuwa mai sayar da zuma a gefena ta daɗe tana kallon yadda nake dafe kunci.

"Baba, buɗe na gani," in ji ta da Hausarta ta zango. "Waya ne yana ci ka? Kar ka cire shi. Sa masa hula."

Ta gutsuri kakin zuma ta murza a yatsa, ta nuna mini in tsane wurin da gefen rawani, in danna a bakin wayar. Sukar ta tsaya cak. Ta ba ni dunƙule guda na hanya, ta dama fura ta zauna muka sha tare. Rabona da ci da wani tun Salaga, sai na ji hawaye.

Da kakin nan na dawo gida. Wata ya kama, likita ya kwance waya, haƙora suka tsaya daram.

Na tafi ina tsoron rasa haƙora, ashe abin da ya fi ciwo shi ne cin abinci kai kaɗai a cikin mutane. A zangonmu akwai wani dattijo da ba shi da haƙori ko ɗaya, kullum yana shan kokonsa a bayan masallaci, shekara da shekaru ina wuce shi da sallama kawai. Washegari na ɗauki ƙoƙona na je na zauna kusa da shi. Ya dube ni ya ce, "Kai ma sun zube ne?"

Na ce, "A'a, Baba, suna nan. Zama na zo yi."