Takalmin da ya sauke ni daga jirgin mai

Shekarun baya can, muna samari muna dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, akwai wani jirgin sojan ruwa na Turawa da yake yada zango a wurinmu. Ko bindigar harbin tsuntsu ban taɓa gani a kansa ba. Aikinsa dakon mai ne, ya bi jiragen yaƙi har tsakiyar teku ya shayar da su. Ruwan toka ne, mummuna, amma ni ban taɓa son wani abu kamar yadda na so shiga cikinsa ba.

Wata rana aka ce suna neman mutum ɗaya mai jan tiyon mai, wanda zai riƙa tafiya da su. Ni da abokina, wanda muka tashi tare a unguwar Bani Malik, muka ce za mu gwada. Na fi shi ƙarfi, na fi shi baki, har ɗan Turancin bakin teku nake da shi. Don in ƙara cika, na sayi takalmin fata mai ƙarfe a dunduniya, irin wanda ake jin ƙwas-ƙwas ɗinsa tun daga bakin layi. Shi kuwa da silifas ya zo, na yi ta yi masa dariya a hanya.

Ina taka saman jirgin, Baturen da ke ɗaukar ma'aikata ko fuskata bai kalla ba, ƙafata ya nuna. Tafinta ya ce, "Yalla, sauka ya akhi. Ƙarfe a kan ƙarfe, a jirgin mai? Tartsatsi ɗaya, halas, shi ke nan, duk mun tafi." Na ce zan cire. Ya ce ai an riga an ɗauki na bayana, wato abokina.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi ya ci ni. Duk dawowar jirgin, abokina sai ya sauko da labarin tashoshin Bur Sudan da Adan, da yadda ake miƙa tiyo tsakanin jirage biyu suna cikin tafiya. Ya kawo wa mahaifiyata turare, ta yi ta shi masa albarka, ni kuwa in toshe hanci in ce warin mai yake yi. An sake wa jirgin lamba, an sayar wa sojan wata ƙasa, sun tafi da shi har da abokina, amma bai daina biyowa ta Jidda ba. Ni ina nan da buhu a wuya, na san ranar zuwansa fiye da matar abokin nawa.

Da jirgin ya tsufa, aka ce za a ja shi a kai shi inda ake yanka jirage. Abokina ya zo har gida ya ce in raka shi su yi sallama. Na tafi da murnata, ina cewa a raina yau dai mun zama ɗaya.

Ana fara jan jirgin, sai na ga abokina, ƙaton mutum da furfura, ya zauna a ƙasa yana kuka. "Wallahi ya akhi," ya ce, "na san kukan kowane famfo a cikinsa."

Abokina ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, kuma turare da labarai duk sun daina damuna. Abin da bai sake ni ba shi ne ranar nan. Na tsaya a kansa ina duba tashar da na ƙarar da ƙuruciyata a ciki, ban ga abu ɗaya da zan zauna in yi wa kuka ba. Har kukan nan nasa sai da na yi masa ƙyashi.