Motar da Ba Ta Rawa a Gaban Jama'a

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, mutane da yawa da ƙawar gari suke tuna ta. Ni kuwa da daminar da ta biyo baya nake tunawa, domin a cikinta ne wata jif ta kusa raba ni da abincina. Ko zan manta da komai na aikin tuƙi, wannan ba zai fita daga raina ba. Tun da hannuna ya fara sabawa da fensir a ajin yaƙi da jahilci nake cewa sai na rubuta shi, ga shi yau Allah ya nufa.

A lokacin ina tuƙa wa wani Alhaji mota a Hayin Banki. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin kirki, ga faɗin jiki. In ya zauna a ƙarshen benci, na ɗaya ƙarshen sai ya nemi abin riƙewa. Shi Bakano, ni Bazazzagi, saboda haka ba a raba mu da tsokana. Ya sayi tsohuwar jif a gwanjo, ina fita da ita ƙauyuka wayam, in dawo da buhunan dawa da gyaɗa.

Da ruwa ya zauna, hanyoyin ƙauye suka zama kwari, cikin motar ya riƙa gugar ƙasa. Sai Alhaji ya kai ta wajen wani maƙeri a Kurmin Mashi don a ɗaga ta. Maƙerin ya samo sifirin ɗin tsohuwar lori, ya ƙara falle uku-uku a baya, inda kaya ke zama, falle ɗaya-ɗaya a gaba. Motar ta dawo tana taƙama, har sai na tattare riga kafin in hau. Alhaji ya zagaye ta ya ce, "Bazazzagi, yau ka hau abin da kakanka bai taɓa hawa ba."

Washegari na kama hanyar Zariya. Ina wuce Kawo, allurar gudu ta kai talatin, ƙafar gaba ta taka wani ɗan rami, sai sitiyari ya kama kaɗawa kamar mai jin sanyin zazzaɓi. Ba sitiyari kaɗai ba, har haƙorana. Sai da na kusa tsayawa sannan ya lafa. Da yamma na dawo da buhuna shida, ban ji komai ba. Na ce wataƙila ramin ne. Haka aka yi ta yi, har ranar da ban samu hatsi ba, na dawo da kwandon ƙwan zabi kawai da Alhaji ya yi saƙo. Rawar ta kama ni a hanyar dawowa. Abin da na sauke masa a ƙofar gida, kasko kawai ya rage a kawo.

Alhaji ya leƙa kwandon, ya dube ni, ya ce mu tafi wajen Saje.

Saje tsohon soja ne daga kudancin lardin Zazzau, ya gyara motocin yaƙi a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, ya buɗe gareji a Unguwar Sarki. Siriri ne kamar sanda, kullum da lofe a baki, ranar Lahadi kaɗai yake ajiye sifana. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya girgiza kowace ƙafa, ya ce notin sandar da ke haɗa ƙafafun gaba ya saki. Ya ɗaure. Sai aka ce a fita gwaji.

A nan ne abin ya lalace, amma ba wanda ya lura. A unguwarmu mota ba ta fita gwaji ita kaɗai. Da an ji an tayar da inji, wanzami ya ajiye aska, tela ya bar keken ɗinki, mahauci ya goge hannu, kowa ya ce zai je ya zama shaida. Saje ya zauna kusa da ni don ya taɓa sitiyari, Alhaji ya koma baya a kan buzunsa, shaidu suka cika sauran wurin. Muka wuce Kawo, na kai talatin, na taka ramin nan da gangan. Shiru. Motar tana tafiya kamar an shafa wa hanya mai.

"Ka gani?" in ji Saje. "Noti ne."

Da safe na fita ni kaɗai, ta kusa jefa ni cikin gonar wani.

Muka koma. Saje ya mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Aka fita da shaidu, lafiya lau. Washegari rawa. Ya kwance boris ɗin ƙafafun ya wanke, ya cusa sabon giris. Shaidu suka hau, suka sauka suna yaba hannunsa. Washegari rawa. Kwana tara muna wannan. Tela ma har ya fara tambaya tun da sassafe ko yau akwai gwaji.

Ran na tara Saje ya cire lofe, ya ce in miƙa hannuwana. Na miƙa. Mutum tara suna kallon yatsunka, ai dole su motsa. Ya ce, "Alhaji, na duba motarka ciki da waje. Amma ba ni da sifanar da ke ɗaure direba."

Aka fashe da dariya. Wanzami ya ce a yi mini ƙaho a kafaɗa. Mahauci ya ce ƙarancin nama ne. Ni ma na yi murmushi, amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe, ya ce a hankali, "Ka san ina son ka. Amma rai ba abin wasa ba ne. In zuwa Juma'a ba a ga laifin motar ba, zan ba ƙanin maiɗakina makulli, kai ka dawo awo a rumfa." Shekara goma sha biyu ina tuƙi, ban taɓa taka ko kaza ba. Direban da aka ce hannunsa na rawa kuwa, ba mai sake ba shi mota a garin nan.

Na koma gida na kasa cin tuwo. Uwar yarana ta saurari labarin tana tankaɗe, ta ce, "Malam, to ai motar taka kunya gare ta. Ba ta rawa a gaban jama'a, sai ta ga daga ita sai kai."

Da wasa ta faɗa, amma na ajiye lomar da ke hannuna. Na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Fita wayam, rawa. Dawowa da buhuna, shiru. Ranar ƙwan zabi, ba buhu, rawa. Gwaji da shaidu, shiru. Ashe shaidun nan buhuna ne masu magana.

Ran Alhamis na roƙi a yi gwaji na ƙarshe, amma Saje ya tuƙa, ni in rungume hannu. Shaidu suka hau kamar kullum. Bayan Kawo akwai wata bishiyar mangwaro kusa da ramin. A nan na ce wanzami da tela su sauka. Suka sauka suna gunaguni. Muka juya, muka taka ramin, shiru. Na sauke mahauci da sauran. Muka sake, sitiyari ya ɗan yi motsi, Saje ya dube ni ta gefen ido. Saura mutum ɗaya a baya.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka sauka."

"In sauka daga motata?"

"Na ɗan lokaci ne, ranka ya daɗe."

"To ni mene ne nauyina?"

Na ga tela ya juya yana duban mangwaro. Alhaji ya sauko da buzunsa. Motar ta yi ajiyar zuciya, bayanta ya tashi sama, kowa ya gani.

Saje ya kai talatin, ya taka ramin. Wayyo! Ƙafafun gaba suka kama fifita, sitiyari ya fizge, hularsa ta yi waje, lofe ya faɗi ya tsage biyu. Mutumin da ya tuƙa mota a Bama yana ihu, "Riƙe mini! Riƙe mini!" Na ce, "Saje, ai hannuna rawa yake." Da ƙyar ya tsayar da ita.

Ya sauka, ya ja baya, ya tsuguna yana kallon motar daga gefe, abin da bai taɓa yi ba a kwana tara. Bayanta a sama, hancinta a ƙasa, kamar akuya mai shan ruwa a rafi. Ya ce mu dubi keke: ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba a kishingiɗe yake, shi ya sa keke ke miƙewa da kansa. Mota ma haka take. Da aka ɗaga baya fiye da gaba, kishingiɗar nan ta tafi, ƙafafun suka rasa abin da zai saita su. In an ɗora nauyi, baya ya zauna, kishingiɗar ta dawo. Da muka koma gareji, ya cire falle biyu-biyu a baya, ya sa ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ɗin gaba. Muka gwada daga ni sai shi, sau huɗu. Ko gezau.

Alhaji ya miƙo mini makulli da goro biyu, ya ce, "Bazazzagi, ashe ni ne maganin motar." Na ce da zai yarda ya riƙa bi na kullum, da ba a cire ko falle ɗaya ba. Saje kuwa, a gaban shaidun nan duka, ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce ya janye maganarsa.

Tun daga ranar, in mutum ya ce mini abu na damun sa, ba na gwadawa a yadda ya dace da ni, sai a yadda abin ke samun sa. Wanda ke tare da matsala shi kaɗai, a saurare shi, ko da mutum tara sun ce ba su ga komai ba.

Abin da aka rasa: ƙwan zabi kwando ɗaya, kwana goma na aiki, falle huɗu na sifirin, hular Saje da lofensa. Shaidu kuma suka rasa yawon mota na kyauta, tela bai yafe mini ba har ya bar unguwar.