Randar Inna Kulu

Ranar Asabar aka karrama ni a Tambuwal. An yabi finafinaina, an ambaci matasan da na koya wa riƙon kyamara, da tsofaffin Kebbe da Dogon Daji da na ɗauki muryoyinsu don kada su ɓace. Ana ta tafi, ni kuwa hankalina yana Fakku, wurin kakata Inna Kulu.

Muna yara, da an ci tuwo sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta, ƙafafu duk toka. Ni take tsokana: "Maigidana, matso. Ga gatana ta taho, wa ka tarbon ta?"

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi so, ta wani mai ginan rijiya. Duk garin da ya shiga sai ya bar musu ruwa, ana ta sa masa albarka. Uwarsa ta aiko kurciya ta ce randarta ta bushe. Ya ce gobe. Kurciya ta dawo, ya ce gobe. Nan barci ke kwashe ni kullum, ban taɓa jin ƙarshen ba.

Da safiyar bikin aka ce jikinta ya tsananta. Sai a lokacin na tuna, wallahi, kakannin mutane duk na ɗauka, tawa ko sau ɗaya. Na sungumi kyamara na nufi Fakku a guje.

"Inna, ki ƙarasa mini ta mai rijiya."

"Gatana da rana tsaka? Mi ka damun ka? Dawo bayan isha'i."

Na durƙusa, na roƙa har da hawaye. Na rufe ƙofa, na toshe taga da bargo don ɗakin ya yi duhu. Ta yi dariya har da tari. "Ni za ka yi ma wayo? Ina jin kaji waje."

Da na sani na zauna. Amma ana jirana, na tafi. Lambar yabon tana hannuna, bayan la'asar, waya ta yi ƙara: Inna ta cika.

Tun ranar nake bin tsofaffin Fakku gida-gida kamar zautacce, ba wanda ya san ƙarshen. Jiya ƙanwarta, Goggo Ai, ta dube ni ta ce, "Ba ta da ƙarshe, yaro. Kulu tsayawa takan yi, ta ga wa za ya ce bari in ɗebo ma tsohuwar ruwa."

Ni kuwa kullum barci nake yi.