Babu Mai Amshi

A wani cocin Turawa da ke Plumstead na fara ganinta, shekarar da na biyo mijina London da goyo a baya. Ina kujerar ƙarshe, ban san lokacin tashi ba, ban san na zama ba, sai na ji tsohuwar da ke gefena ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wayyo Ubangiji, gwiwoyina." Da Hausa! Ban san sanda na kama hannunta ba.

Mutuniyar Filato ce. Tun tana budurwa take renon 'ya'yan wani Baturen kuza, da suka tashi komawa ƙasarsu suka taho da ita. Yara suka girma, aka sallame ta. Ta koma wankin zannuwan asibiti har ƙafafunta suka kumbura. Ba ta yi aure ba. Mahaifiyarta ta rasu, sai da ƙasa ta bushe a kan kabari wasiƙa ta iso. Duk wannan tana faɗa tana cewa an gode Allah, ni kuwa in rasa me ake godewa.

Waƙarta ta fi komai rikita ni. Tana da wani tulun furanni na yumɓu da ta saya a kasuwar Lewisham, shi take bugawa a madadin tulun da matan zumunta ke kaɗawa a coci can gida. A gida mace ɗaya ke ba da waƙa, sauran su amsa. Ita kuwa sai ta ɗaga murya ta bayar, ta sauke murya ta amsa wa kanta. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa ta.

"Mama, ke ce mai bayarwa, ke ce mai amshi?"

"To wa zai amsa, labule? Ke da Allah ya kawo, kin zauna kina kallona kamar an aiko ki."

Na san waƙoƙin, amma ban taɓa amsawa ba. Baturen da ke ƙasan flat ɗinta yakan buga silin da sandar tsintsiya, ni kuma takardunmu na izinin zama suna ofishin shige da fice a Croydon ba su fito ba. Gani nake ko tari na yi da ƙarfi za a kai ƙara wurin hukuma a kore mu.

Wata Lahadi ta buɗe akwati ta miƙo mini zanen zumuntarta, ya koɗe a wuraren ninki.

"Ranar da na tafi, ki ɗaura wannan ki yi mini waƙa da Hausa, 'yata. Kada a sa ni a rami shiru."

"Mama, ki daina irin wannan magana."

"In na daina, mutuwa za ta daina?"

Ta rasu a lokacin sanyi. Aka ce sai bayan mako uku za a binne ta, na kasa gane yadda ake ajiye mutum haka. Mako ukun nan na yi su ina neman masu amshi. 'Yan Najeriya da ke cocinmu Yarbawa ne da Ibo, ba su jin Hausa. Masu jin Hausa kuma masallaci suke zuwa. Mijina an soke masa hutunsa a wurin aiki. Maƙwabciyata 'yar Kumasi, Musulma ce, ta ce da Hausarsu ta Gana, "Ni ban iya waƙan coci ba, amma mu je, zan riƙe maka yaro."

Na ɗauko tulun a jaka muka hau bas. Ko zanen ma ya ruɗa ni: a ƙarƙashin kwat ba mai ganinsa, a sama kuma na zama kamar dami. A sama na ɗaura.

Mu kaɗan ne a bakin kabari. Har da wata Baturiya mai furfura tana ta kuka, daga baya na ji cikin yaran da Mama ta rena take. Fasto ya gama karatunsa ya dube ni.

Na tsuguna, na sa tulun a cinya, na buga. Na ɗaga murya na ba da waƙa.

Shiru. Sai ƙarar motoci daga titi. Turawa sun sunkuyar da kai, sun ɗauka na gama, har fasto ya buɗe baki. Na rasa in tashi ne ko in gudu.

Sai na sauke murya na amsa.

Na sake bayarwa, na sake amsawa, har ƙarshen waƙar. Ba ta shiga rami shiru ba.

Tulun yana wurina har yau. Yarana, da Turanci suke ba ni amsa, sun saba jina ina bayarwa ina amsawa a kicin. Har yanzu ban gane me take godewa ba. Amma ranar da gwiwoyina suka fara ciwo a coci, na ji irin maganar Mama ta fito daga bakina, na waiga in ga ko akwai wadda ta ji.