Sabbin Haƙoran Doña Etelvina

Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba 2002, na fara ganin Doña Etelvina Cuéllar, a satin da na kama aikin magatakarda a rumfar sayen kofi ta ƙungiyar manoman garinmu da ke kudancin jihar Huila. Ta sauko daga jif da buhu shida, ta ɗauki ƙwayar kofi ɗaya, ta murje ɓawon a tafin hannu, ta ciza.

"Sha ɗaya da rabi," ta ce wa Don Arcesio, mai kula da na'urar auna danshi.

Na'ura ta nuna haka. Ƙa'idar ita ce danshin ya tsaya tsakanin kashi goma zuwa sha biyu cikin ɗari. In ya wuce nan, fumfuna za ta kama kofin a buhu.

Shekara goma sha huɗu ba a taɓa mayar mata da kaya ba. Maƙwabta kan hau tudu da ƙwaya a aljihu don ta ciza musu. Sai a 2016 likita ya cire sauran haƙoranta, ya sa mata na roba. Ta yi kyau a hoto, amma ƙwaya ta daina yi mata magana. Ba ta gaya wa kowa ba. A watan Oktoba ta kawo buhu goma sha biyu, rabin amfanin shekararta. Na'ura ta nuna sha huɗu.

"Comadre, yau dai haƙoran kanti sun ci amanarki," in ji Don Arcesio, da irin sunan da aminai ke kiran juna da shi a wurinmu.

"Kai da ko na kantin ba ka da su, compadre, rufe bakin nan kada iska ta shiga."

An yi dariya, ita kuwa ta ɗaure buhunanta don ta koma da su. Damina ce, rana ba ta wuce awa biyu, kuma kofi mai danshi ba ya jira. In ta sake shanya shi, da me za ta gane ya isa? In ya zarce, ƙwayar ta farfashe a injin sussuka.

A bayan rasit na yi mata lissafi, na ce ta auna kilo ɗaya cif a sikelin cukunta, ta zuba a jakar raga, ta ajiye a tsakiyar shanyar. Ranar da ya bushe har ya koma giram ɗari tara da sittin da shida, sai ta kwashe duka.

"Wato yanzu sikelin cuku ne zai koya mini kofi?"

Ta dai karɓi takardar. Kwana biyar tana ture rufi mai zamewa da ke kan shanyar in rana ta leƙo, tana janyo shi da gudu in hadari ya taso. Safe da yamma tana sunsuna shanyar, tana ɗora jakar a sikeli.

Ranar Alhamis ta dawo. Don Arcesio ya soka buhu uku, ya zuba a na'ura. Ita kuwa ta juya baya tana kallon titi.

"Sha ɗaya da ɗigo uku, comadre."

Ta zauna a kan buhu, ta sauke numfashi. Can ta aika a kawo wa kowa ruwan panela, wato mazarƙwaila, da cuku, har da direban jif.

Daga nan ba a sake mayar mata da kaya ba. A 2021 ta bar wa 'yarta Yolima gonar, ta koma garin Pitalito wurin ƙanwarta. Tana can, shekararta saba'in da takwas, gwiwa ce kawai ke damunta.