Bakin Zaki na Takwas

Ina cikin ƙaramar bas a Giza, ina miƙa kuɗin wata tsohuwa gaba, saƙon murya ya shigo. 'Yar Alhaji ce. "Baffa, Baba ya rasu bayan azahar." Na yi salati. Sannan na miƙa wa tsohuwar canjinta.

Alhaji mutumin Maraɗi ne, ɗan kasuwa. Ni karatu ya kawo ni Alƙahira, risalata ta digirin dakta ta tsaya a babi na uku, na tsaya tare da ita. Ya ɗauke ni aiki a ofishinsa na Dokki, inda ake buga wa ɗalibai risalolinsu. Kwamfuta ɗaya muke da ita, masu bugu uku suna jiran juna kamar layin banɗakin masallaci.

Sai muka ji akwai wani kati da ake sa wa kwamfuta a ciki, ya fito da bakuna a bayanta. Kowane baki a ja masa waya zuwa allo da kibod, mutane da yawa su yi aiki lokaci guda. Muka je wani shago a Mohandessin. Bamisiren mai shagon ya ajiye mana biyu. Na farko mai arha ne, baki huɗu, duk wahalar yana ɗora wa kwamfutar. Na biyu baki takwas, da 'yar ƙwaƙwalwarsa. Ya ƙwanƙwasa shi ya ce da Larabcin Masar, "Da zaki."

Larabcin Alhaji a lokacin na ciniki ne kawai. Ya juyo. "Zaki ya ce? Khalas, shi za mu ɗauka."

"Alhaji, mai basira yake nufi. Ba na daji ba."

"To, Shehi, ga basira ga ƙarfi. Me ka rasa?"

Na tsaya a tsakiyar shagon na yi masa darasi. Mutum uku ba sa buƙatar baki takwas, wannan almubazzaranci ne. Har hujja na kawo daga littafi. Ya saurara har ƙarshe, yadda ake sauraron manyan malamai, sannan ya ce a naɗe masa zakin.

Ni nake haɗa wayoyin da dalma. Uku, sannan biyar, sannan bakwai. Lokacin miƙa risaloli mutum bakwai suna bugu, kwamfutar ko tari ba ta yi. Maƙwabcinmu da ya sayi mai arhar, bisa shawarar wani masani, wato ni, kwamfutarsa haɗiye haruffa take idan an matsa mata. Alhaji bai taɓa tada maganar ba. Ni ma, saboda tawali'u, ban taɓa cewa ya yi gaskiya ba.

Na takwas ya hana a sa kowa. Ya ajiye tebur kusa da taga.

"Wannan bakin naka ne, Shehi. Haɗa wayar, ka buga taka risalar. Kana gyara wa yara nahawu suna komawa gida daktoci."

"Bukra, in sha Allah."

"Ka zama Bamisire sosai. Har bukrarsu ka iya, goben da ba ta zuwa."

Na haɗa kai ɗaya na wayar don ya bar ni in sha iska. Ɗaya kan kuwa, yau dalma ta ƙare, gobe aiki ya yi yawa. Haka har kowane ɗalibi ya mallaki kwamfutarsa, muka rufe ofishin. Duk sallah idan na je gaishe shi sai ya tambaye ni, "Ya zaki, har yanzu bakin na takwas da yunwa?" In ce, "Ma'alish, Alhaji, a yi haƙuri."

Ranar uku, bayan an shafa fatiha, 'yarsa ta miƙo mini leda. "Ya ce naka ne, Baffa. Wai kai ne masaninsa."

Katin ne, naɗe a cikin tsohon rawaninsa, da wayar ta takwas, kanta ɗaya a tsefe yadda na bar shi. Babu kwamfutar da zai shiga yanzu. Na sa shi a durowar da risalar take. Ita tana babi na uku, wayar kuma ban haɗa ba.